Daga Alli Zuwa Jarida, Daga Gada Zuwa Fim: Hanyoyin da Gwanaye Suka Biyo



 Shugabannin wannan makaranta da suka shirya zaman suka kuma yi gayya, malamai maza da mata, iyayenmu da suka baro harkokinsu suka zo, da ku ɗalibai waɗanda dominku aka taru, barkanmu da war haka. 

Batun da aka ɗora wa mai magana shi ne a duba rayuwar mutanen da suka yi fice a fannoni daban-daban, a ga daga ina suka taso da kuma hanyar da suka biyo. Dalilin zaɓen batun sananne ne. Duk shekara in an gama jarrabawar JAMB, jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai ran gidaje da yawa ya ɓaci. Yaro ya nemi likitanci an ba shi ilimin tsirrai. Yarinya ta nemi aikin lauya an tura ta sashen tarihi. Uba ya yi fushi, uwa ta ce a sake zama baɗi, shi kuwa yaron ya shiga aji jiki a sanyaye. Abin da ke kawo wannan ɓacin rai zato ne guda, cewa takardar farko ita ke yanke wa mutum abin da zai zama har ƙarshen ransa. To, haka abin yake? Maganar za ta zo a gaɓa biyar, kuma da sunayen mutanen da tarihi ya sani za a yi ta.

Gaɓa ta ɗaya: 'yan Kwalejin Katsina

A farkon shekarun 1920 Turawa suka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Aikinta guda ne tak, ta yaye malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Duk wanda ya shiga, alli da allo aka tanadar masa. Amma a dubi waɗanda suka fito daga cikinta. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Rabah a 1934, tafiya ta yi tafiya har ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa, ya je Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista.

Wani zai ce ai wannan siyasa ce, ita kuwa kowa yana iya faɗawa cikinta. To, a ajiye su, a ɗauki Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara a 1911, ɗan alƙali ne, ya sami Larabci tun a gida. Da ya gama Kwalejin Katsina sai ya fara koyarwa a Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya bi garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, domin an koya wa yara karatu amma ba su da abin karantawa na nishaɗi. Gasar da aka shirya a kan haka ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. Imam yana da shekara 22 a lokacin. East ya lura da alƙalamin yaron, ya sa aka aro shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, shi aka ba editanta na Hausa. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka je Ingila tare da Nnamdi Azikiwe. Daga baya ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

A wace makaranta Imam ya koyi aikin jarida? Babu. Amma duk wanda ya karanta Magana Jari Ce da idon basira zai ga malamin aji a kowane shafi. Me aku ke yi a littafi na ɗaya? Yana riƙe ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya, dare bayan dare. A littafi na uku kuwa akun nan ya zama waziri, ya zaunar da ɗansa yana koya masa yadda ake ba da labari. Mutumin da ya tsaya gaban yara ya ga lokacin da idonsu ke fara lumshewa, ya san inda zai jefa dariya don ya dawo da hankalinsu, shi ne zai tsara littafi haka. Jimlolinsa gajeru, kalmominsa na kasuwa da zaure, da wannan salon ya sa jarida ta shiga hannun mutanen da karatunsu bai yi nisa ba. Shekarun da ya yi a aji ba su tafi a banza ba, su ne jarin da ya shiga gidan jarida da shi.

Kada kuma a ɗauka boko ne ya zo da wannan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ja runduna, ya yi mulki, ya rubuta tarihi a Infaƙul Maisuri, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani. Kafin shi, Muhammadu al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafin lissafi a kan hatimai a Alƙahira a 1732. Malaman wancan zamani ba su san katangar da muke ginawa yau tsakanin fanni da fanni ba.

Gaɓa ta biyu: masu sauya sheƙa

Chinua Achebe ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da tallafin karatun likitanci. Bayan shekara guda ya koma Ingilishi da tarihi da ilimin addini, tallafin ya suɓuce, sai da dangi suka haɗa masa kuɗi. Iyaye da ke wannan zaure, ku sa kanku a matsayin danginsa: yaro ya sami likitanci kyauta ya ce ba ya so. Wa zai yi masa tafi? Shekara goma bayan shigarsa jami'ar, a 1958, Things Fall Apart ya fito.

Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna a 1921, hanyarsa ta fi haka lanƙwasa. Ya karanta aikin gandun daji ya yi aiki a dawa, ya koma ya karanta haɗa magunguna a Legas da Landan, ya shiga gidan rediyo, duk yana rubutu a gefe. Littafinsa Burning Grass na 1962 a kan Fulani makiyaya yake, The Passport of Mallam Ilia kuma labarin ramuwar gayya ne da ke gudana a Arewa. Ɗan ƙabilar Ibo ne, amma ya taso a Arewa ya kuma yi aikin daji, shi ya sa ruga da garke ba baƙinsa ba ne.

Misalin da ya fi daɗin ji a wannan gaɓa daga Nijar ya fito, kuma mutum biyu ne suka haɗu a cikinsa.

A 1941 wani matashin injiniya Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya sauka a Yamai. Ya karanta ginin gadoji da hanyoyi a Faris, aikin da aka turo shi yi ke nan. A wurin aikin ya yi abota da wani saurayi, Damure Zika, ɗan masuntan Kwara. Wata rana tsawa ta faɗa ta kashe leburori a wurin da Rouch ke kula da shi. Kakar Damure, wadda ta shahara a harkar bori irin na Zabarmawa da Sorkawa, ita ta jagoranci abin da al'adarsu ta tanada a irin wannan mutuwa. Injiniya ya tsaya yana kallo yana rubutawa. Daga ranar hankalinsa ya fara barin siminti. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946 zuwa 1947, shi da abokansa biyu suka bi kogin Kwara a kwalekwale tun daga mafarinsa har teku, da kyamara a hannunsa. Ya zama masanin al'adu, ya yi finafinai fiye da ɗari, yawancinsu a Afirka ta Yamma, kuma a Nijar ɗin ya rasu, a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004.

Na biyun shi ne Umaru Ganda. An haife shi a Yamai a 1935. Karatunsa bai wuce firamare ba. Yana ɗan saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochina. Ya dawo gida babu aiki, ya gangara Abidjan ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa. A can Rouch ya gamu da shi yana binciken 'yan ci-rani na Nijar, ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda Ganda ya ba da labarin rayuwar ɗan dako da bakinsa. Da wani ne da ya tsaya nan, an taɓa ganinsa a majigi, shi ke nan. Ganda ya koma Yamai ya koyi riƙe kyamara da haɗa hoto, ya fara shirya nasa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indochina ya ƙarar da kuɗinsa, abokai suka watse. Wa zai ba da wannan labari fiye da wanda ya sa kakin ya kuma ɗanɗani dawowar? A 1972, da aka fara ba da babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, fim ɗin Ganda, Le Wazzou polygame, shi ya ɗauke ta.

Injiniyan gada da ɗan dako. In da za a kawo takardunsu gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata na gidan talabijin, a cikinsu wa zai tsallake tantancewar farko?

Gaɓa ta uku: ilimin gida in ya gamu da na makaranta

Duk wanda ke da naira ashirin a aljihu ya fito da ita ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, an haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali. Ba ta yi makarantar boko ba. Wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane, da hannu, tana ɗora yumɓu zobe bisa zobe, tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin randa. Tukwanenta sun yi kyan da har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara su a gidansa, Abuja ta da ke nan, wadda yanzu ake kira Suleja. A can wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. Shi ma Cardew ɗin, a ce a gefe, adabin Girkawa da Rumawa ya karanta a Oxford kafin ya watsar ya koma almajirin wani maginin tukwane. Gwamnati ta ɗauko shi ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta koyi aiki da faifan da ke juya yumɓu, da shafen da ke sa tukunya ƙyalli, da gashi a wuta mai tsananin zafi. Amma ba ta yar da siffar randar Gwari da zanenta ba, sai ta haɗa su da sabuwar dabarar. A nan akwai abin lura. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafo, iska ta busar da danshin ta tafi da zafi. Randar da aka shafe aka gasa da wutar Cardew ta yi nauyi, ta daina tsattsafo, ba ta sanyaya ruwa. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma kayan kallo. An yi riba an kuma yi asara, kuma mai gaskiya zai faɗi duka biyun. Ribar dai ita ce an baje aikin Ladi a Landan, ta zaga Turai da Amurka tana nuna yadda ake yi, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, a 1980 kuma aka ba ta lambar yabo mafi girma da Nijeriya ke ba masana. Ta rasu a 1984.

Daga Kwali sai mu tsallaka ƙasar Sin, domin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau daga can asalinsa yake. A lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓi yana kashe sojoji, kuma maganin kulorokwin ya fara gazawa. A ranar 23 ga Mayu 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri don neman sabon magani. A 1969 aka ba wata mata, Tu Youyou, jagorancin ƙungiya guda a cikin shirin. Ta karanta haɗa magunguna na zamani a Beijing ta gama a 1955, sannan aka tura ta ta yi shekara biyu da rabi tana koyon maganin gargajiyar Sin. Ba ta da digirin dakta, ba ta yi karatu a ƙasar waje ba. Ita da mutanenta suka tattara hanyoyin magani na gargajiya fiye da 2,000. Wani ganye dangin tazargade ya riƙa ba su sakamako yau da kyau gobe babu. Sai ta koma wani littafin likita Ge Hong da aka rubuta a ƙarni na 4, ta ga ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ambaci dafawa ba. Nan ta gane zafin tafasawa ne ke lalata sinadarin. Ta sauya dabara, ta tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye da birai. Kafin a ba marasa lafiya, ita da abokan aikinta suka fara sha. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a lura, sai da aka sami wadda ta iya karanta tsohon littafi ta kuma iya aikin ɗakin gwaji. Mai ganye shi kaɗai da bai fitar da sinadarin artemisinin ba, masanin kemistiri shi kaɗai kuma da bai buɗe littafin Ge Hong ba. An ba ta kyautar Nobel a 2015, tana da shekara 84.

Gaɓa ta huɗu: na kusa da zamaninmu

A nan za a yi sauri, domin da yawansu kun san su.

Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, zanen gine-gine ya karanta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi. Ya sami tallafin karatu na jiharsa ya tafi Detroit a 1990 ya karanta zanen motoci, ya gama a 1994, kamfanin General Motors ya ɗauke shi. Zanensa ne aka zaɓa wa samfurin motar lantarki Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka kira shi gida ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa. A riƙe wannan, daga foliteknik ya fito, za a dawo kansa.

Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ilimin halittu da koyarwa ya karanta a Zariya, ya zama farfesan koyar da kimiyya a 1997. Sai ya juya ga abin da manyan masana ke rainawa a lokacin, wato littattafan soyayya na Kano da finafinan Hausa da waƙoƙin zamani, ya yi ta bincikensu har ya sake zama farfesa karo na biyu a fannin sadarwa da al'adu a 2012. Daga 2016 zuwa 2021 shi ne shugaban Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa.

Amina Mohammed ta shafe shekarun 1980 tana aiki a wani kamfanin zanen gine-gine, inda ake tsara makarantu da asibitoci. Da Nijeriya ta sami yafiyar bashi a 2005, ita aka ba kula da kuɗin da aka ware wa muradun ƙarni. Ta zama ministar muhalli a 2015, a 2017 kuma mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abdu Mumuni na Nijar, haifaffen Tasawa a 1929, masanin fiziks ne da ya duƙufa kan makamashin hasken rana tun ana yi wa abin kallon wasa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar daga 1969. Amma littafinsa da aka fi karantawa, wanda ya fito a 1964, a kan tsarin ilimi a Afirka yake, har da muhimmancin koyar da yara da harshen uwa. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

A waje ma haka. Angela Merkel ta yi digirin dakta a kimiyya a 1986, tana aikin bincike a Jamus ta Gabas, ba ta shiga siyasa ba sai da katangar Berlin ta faɗi a 1989, tana da shekara 35, ta kuma shugabanci gwamnatin Jamus shekara 16. Mae Jemison ta karanta injiniyanci, ta karanta likitanci, ta yi aikin likita a Saliyo da Laberiya, a 1992 ta zama baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya.

Gaɓa ta biyar: abin da labaran nan ke ɓoyewa

Yanzu ɗalibin da ke can baya, wanda dama karatu ya gundure shi, yana murna a ransa, yana cewa ashe ma in bar kwas ɗin nan. A dakata tukuna.

Sunayen da aka lissafa duk na waɗanda suka kai gaci ne. Waɗanda suka bar likitanci ba su rubuta komai ba, waɗanda suka dawo daga yaƙi suka ƙare a dako, ba wanda ke shirya lacca a kansu, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sannan a sake duba jerin. Ladi Kwali ta riga ta zama gwana kafin Cardew ya gan ta, gwanintar ce ma ta kai tukwanenta gidan sarki. Abdalla Uba Adamu sai da ya kai ƙarshen tsani a fanni na farko kafin ya taka na biyu. Tu Youyou ta gama haɗa magunguna tsaf sannan ta ƙara da gargajiya. A cikin waɗannan ukun babu wanda ya sauya sheƙa don gudun wahala. Kowanne ya fita daga fanninsa na farko da wani abu a hannu da ya iya sosai.

Akwai kuma masu fice ta hanyar ƙin motsawa. Katalin Kariko, 'yar mahauci daga Hangari, ta bar ƙasarta a 1985 da mijinta da 'yarsu ƙarama, kuɗin guzurinsu a ɗinke cikin 'yar tsanar yarinyar. A Amurka ta kafe kan bincike guda, na sinadarin mRNA, wanda masu ba da kuɗin bincike ba su ga amfaninsa ba. A 1995 jami'ar da take aiki ta rage mata matsayi. Ba ta sauya fanni ba. Ta gamu da Drew Weissman a wurin injin fotokwafi, suka haɗa kai, suka buga sakamakonsu a 2005, duniya ba ta kula ba. Sai da annobar korona ta zo aka ga allurar rigakafin Pfizer da ta Moderna a kan aikinsu suka tsaya. An ba su Nobel a 2023. To, da wanne za a yi koyi, Achebe da ya bari ko Kariko da ta ƙi bari? Mai magana ba shi da amsa guda da za ta dace da kowa a zauren nan, kuma duk wanda ya ce yana da ita a yi hattara da shi.

Abu na ƙarshe a wannan gaɓa ya fi shafar manya da ke kujerun gaba. A kusan kowane labari akwai wanda ya buɗe ƙofa. East ya ga Imam. Rouch ya ga Ganda, kamar yadda Damure da kakarsa suka buɗe wa Rouch ɗin ido tun farko. Sulaimanu Barau ya daraja aikin wata mata daga ƙauye har baƙo ya gani. Dangin Achebe sun biya kuɗin karatun da ba su suka zaɓa ba. Gwamnatin Sakkwato ta biya wa Jelani kuɗin koyon zanen mota a lokacin da babu kamfanin da ke zana mota a Nijeriya. Wani jami'i ne ya sa hannu a wannan takarda, kuma da ya ga dama da ya ce a kawo masu likitanci da injiniya kawai.

Yau ƙofofin nan a buɗe suke? Mai takardar HND ta foliteknik har yanzu yana shan bambanci tsakaninsa da mai digiri a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin soke bambancin a 2021, amma bai sami sa hannun shugaban ƙasa ba a wancan zangon. Jelani Aliyu daga foliteknik ya fito. Sassa da yawa a jami'o'inmu ba sa karɓar ɗalibin digiri na biyu sai in digirinsa na farko a fannin yake, alhali da wannan ƙa'ida aka bi ko'ina da injiniyan gada bai zama masanin al'adu ba. Tallan aiki yana fitowa da iyakar shekarun haihuwa da za ta fitar da duk wanda ya yi zagaye kafin ya iso. Waɗannan dokoki mutane ne suka rubuta su a ofisoshi da majalisun jami'a, wasunsu ma suna zaune tare da mu a nan, kuma zai yi kyau a ji ta bakinsu in an zo tambayoyi.

Ranka ya daɗe shugaban taro, a nan za a dakata.   Fili a buɗe yake, mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, a fara da ɗalibai.